Alƙali Tsakanin Sarki da Majalisa: Tarihin Iyakar Hukunci a Arewacin Nijeriya

A shekarar 1947 wata shari'a da ta taso daga Gwandu ta tada hankalin fadojin Arewa. Wani mutum mai suna Tsofo Gubba ya kashe kwarton matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisan ganganci bisa mazhabar Malikiyya, ta yanke masa hukuncin kisa. Da magana ta kai gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai alƙalanta suka rushe hukuncin. Hujjarsu ita ce kundin laifuffukan da gwamnati ta rubuta ya ɗauki tunzuri a matsayin uzurin da ke rage nauyin kisa, kuma kotun gargajiya ba ta da ikon tsallake wannan kundi. Sarakuna da malamai suka ga an yi wa shari'a karan tsaye. Gardamar da aka soma a lokacin har yau ba ta mutu ba: shin idan masu yin doka suka gindaya wa alƙali iyakar hukuncin da zai yanke, sun tauye masa 'yanci ke nan? Masu amsa wannan tambaya sukan haɗa abubuwa biyu su mai da su ɗaya, wato 'yancin alƙali daga masu mulki, da kuma sakin hannunsa ya yanke abin da ya ga dama. Tarihin alƙalanci a ƙasar Hausa ya raba su. Lokacin da hannun alƙali ya fi sakewa shi ne lokacin da ya fi zama a tafin hannun sarki. Rubutacciyar iyaka ta kāre talaka, ta kuma kāre alƙalin kansa. Abin da ya cutar da sana'ar shi ne wani nau'in doka dabam, wanda ya yanke hukunci tun kafin a ji ƙara.

Alƙalin da ya yi karatu a zaure, ya sauke Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkam, ya san laifuffuka kashi uku ne. Akwai haddi, wanda nassi ya ƙayyade ukubarsa, kamar zina da sata da ƙazafi da shan giya da fashi. A nan aikin alƙali shi ne ya tabbatar ko hujja ta cika, ba ya ƙara ba ya ragewa. Akwai ƙisasi a kan kisa da rauni, inda haƙƙin yake hannun waliyyan jini, su nemi ramuwa ko su yafe ko su karɓi diyya. Sai ta'aziri, wanda ya haɗiye duk sauran laifuffuka, kuma shi ne mafi yawan abin da ke zuwa gaban kotu kullum: zagi, ha'inci a kasuwa, dambe, satar da ba ta cika sharuɗɗan haddi ba. A nan ne aka bar wa alƙali ya auna, ya yi faɗa ko ya sa bulala ko ya ɗaure. A gefen kotun alƙali kuma akwai majalisar sarki, mai duba manyan laifuffuka da rikicin ƙasa da koken zalunci ƙarƙashin abin da malamai ke kira siyasar shari'a. Wannan tsari ya girmi jihadi nesa ba kusa ba. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a kan abin da ya halatta ga mai mulki wajen tsawatar wa jama'a daga haram, ya ba shi dama, ya kuma ɗaure damar da sharaɗin adalci.

Shugabannin jihadin 1804 sun ga inda wannan dama take kaiwa idan babu linzami. A cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan zamaninsa da mai da hukunci hanyar tara dukiya, su ci tarar mai laifi maimakon zartar da abin da shari'a ta ce, su karɓi gaisuwa kafin su saurari mai ƙara. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano domin mutanen garin su san ƙa'idojin mulki da hukunci. Abin lura shi ne maganin da suka kawo: sun nemi a ɗaure mai hukunci da littafi. Fiƙihun da suka karantar ya yarda shugaba ya keɓe wa alƙali yankin da zai yi hukunci da irin ƙararrakin da zai saurara, kuma an san alƙalin Malikiyya da bin mashahurin zance na mazhaba, ba ra'ayin kansa ba. Saboda haka wanda ya ce iyakance alƙali baƙon abu ne da ya shigo tare da Nasara bai yi wa tarihi adalci ba. Abin da Daular Usmaniyya ba ta warware ba shi ne matsalar naɗi: sarki ke naɗa alƙali, shi ke tuɓe shi, kuma abincinsa ya dogara ga ushira da alherin fada. Alƙali mai tsoron Allah yakan tsaya, amma tsayuwarsa halinsa ce, tsarin bai ba shi garkuwa ba.

Zuwan Turawa ya canza fasalin aikin ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Dokar kotunan gargajiya da Gwamna Lugga ya yi a 1900 ta bar alƙalai su ci gaba da hukunci da shari'arsu, amma ta hana yanke gaɓa da azabtarwa da duk ukubar da Turawa suka ga ta saɓa wa tausayi. A 1904 ya kawo kundin laifuffuka da aka kwaikwayo daga na jihar Kwinslan ta Ostireliya, wanda aka shimfiɗa wa Nijeriya duka a 1916. Aka kasa kotuna daraja huɗu, mafi girma su ne masu ikon yanke hukuncin kisa, shi ma sai Gwamna ya amince. Aka sa alƙalai a kan albashi daga baitulmali, suka zama ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya. Sakamakon ya zo a karkace. Da aka hana yanke hannu, sai ɓarawo ya koma gidan yari, tsawon ɗaurin kuma ya koma ga ganin alƙali cikin iyakar darajar kotunsa. Wato an rage ukubar da nassi ya ƙayyade, an faɗaɗa filin da alƙali ke aunawa da kansa. A daidai wannan lokaci kuma aka ɗora masa iyayen gida biyu: sarki mai naɗa shi, da Razdan ko Di'o mai ikon buɗe littafin kotu ya rage hukunci ko ya sa a sake shari'a ko ya ɗauke ƙarar gaba ɗaya. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, da malamai daga Sudan, ta inganta ilimin alƙalai, amma ba ta canza wanda ke riƙe da albashinsu ba.

Gyaran da Gwamna Donald Cameron ya yi a 1933 shi ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa na Turawa, kuma ta wannan hanya ce shari'ar Tsofo Gubba ta bi. Saɓanin da ta tono na gaske ne. A Malikiyya wanda ya kai wa wani hari da gangan har ya mutu ya shiga hukuncin ƙisasi, ko an tsokane shi ko ba a tsokane shi ba, idan waliyyai suka nemi jini. Idan kuwa suka yafe, ko da ya daɗe yana ƙulla kisan, mazhabar ta tanadi bulala 100 da ɗaurin shekara 1. A kundin Turawa abin ya juye: wanda aka tunzura yana tsira da ransa, wanda ya ƙulla kuma a rataye shi ko dangi sun yafe. Mutum biyu masu laifi iri ɗaya sai makomarsu ta bambanta gwargwadon kotun da aka kai su. Gwamnati ta yi ta kai gwauro ta kai mari. A 1948 ta gyara doka ta mayar wa kotunan gargajiya ikonsu, a 1951 kuma ta sa sharaɗin da ya zama ginshiƙi: alƙali ya yi shari'a da littafinsa, amma kada ukubar ta wuce mafi tsananin abin da kundin gwamnati ya tanada wa irin wannan aiki. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta tabbatar da wannan sharaɗi. Dokar ba ta gaya wa alƙali abin da zai yanke ba, ta dai nuna masa inda zai tsaya.

Shekarun siyasa ne suka nuna amfanin wannan tsayawa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari, waɗanda duk na En'e ne, suka zama makamin murƙushe 'yan adawa a wurare da dama. Ana kama mutum don ya yi lacca ba izini, ko don an ce ya zagi sarki ko ya raina hakimi, a kai shi gaban alƙali, lauya kuwa ba shi da izinin tsayawa a wannan kotu. Malam Aminu Kano da mabiyansa sun sha kuka da wannan, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri. Ta'aziri shi ne ƙofar da aka bi, domin laifin da ba a rubuta siffarsa ba kowane hali ana iya cusa shi ciki, ukubar da ba a rubuta iyakarta ba kuma ana iya miƙa ta gwargwadon fushin fada. Ba dukkan alƙalai ne suka ba da kai ba, amma wanda ya so ya ƙi ba shi da abin da zai nuna wa sarki ya ce doka ta hana ni. A nan ne hujjar masu cewa sakin hannu shi ne 'yanci take rushewa. Ikon da ba shi da iyaka a hannun ma'aikacin da ake iya kora gobe, na mai korar ne.

Kwamitin Willink, wanda ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ya ji koke mai yawa a kan waɗannan kotuna. Gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Fakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, babban alƙalin Bida. Daga shawararsu aka haifi Final Kod, sabon kundin laifuffuka na Arewa, wanda ya samo asali daga kundin Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860, ya fara aiki a ranar 30 ga Satumba 1960. Kowane laifi aka ba shi sashe da siffa da mafi girman ukuba. Tsarin mulkin 'yancin kai ya ƙara da cewa ba za a hukunta kowa ba sai da laifin da rubutacciyar doka ta bayyana, ta kuma faɗi ukubarsa, ƙa'idar da ke sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999. Sai dai wannan rabin aiki ne, domin har aka yi juyin mulkin 1966 ana zargin kotunan En'e da yi wa jam'iyya mai mulki aiki. Ɗaya rabin ya zo ne da dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968: aka rufe kotunan sarakuna, aka cire alƙalai daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Iyakar ukuba da raba alƙali da fada gyara biyu ne, kuma kowanne bai wadatar ba sai da ɗan'uwansa.

Za a ce, kuma an daɗe ana cewa, duk wannan dabara ce ta raba Musulmi da shari'arsu, Final Kod kuma farashin da Ingila ta sa wa Arewa ne kafin ta ba ta mulkin kai. Akwai gaskiya a ciki. An yi gyaran cikin matsin lamba, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da aka kafa a 1960, wadda Shaihu Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962, an taƙaita ta ga aure da gado da makamantansu. Amma abin da ke cikin kundi daban, ƙa'idar rubuta kundi daban. Shaida ita ce abin da ya faru da Zamfara ta dawo da hukunce-hukuncen shari'a a Janairun 2000, jihohi 11 suka bi sahu. Ba a ce wa alƙalai su koma su buɗe Muhtasar su yanke abin da suka fahimta ba. Majalisun dokoki ne suka zauna suka rubuta kundi, haddi da ƙisasi da ta'aziri kowanne da sashensa, aka sa wa bulala adadi, aka sa wa ɗauri iyaka. Tsarin mulki ne ya tilasta haka, gaskiya, amma da wuya a sami malamin da zai ce a yau maslaha ita ce alƙalin Gusau ya yanke wata uku, na Talatar Mafara ya yanke shekara uku a kan laifi ɗaya, ba tare da ma'aunin da za a tuhume su da shi ba.

Nau'in dokar da ya cutar da alƙalanci sojoji ne suka kawo shi. Bayan yaƙin basasa makamai suka bazu, fashi ya yi ƙamari, gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar fashi da makami ta 1970, wadda ta wajabta kisa ga duk wanda aka samu da laifin, ta kafa kotunan musamman, aka riƙa harbe mutane a bainar jama'a a bakin teku a Legas da filayen wasu garuruwa. Dokar 1984 ta zamanin Janar Buhari ta sabunta wannan, har da ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga fashin da babu makami. Wata dokar ta wannan shekara ta sa kisa a kan safarar ƙwaya, ta kuma waiwaya baya ta kama laifin da aka yi kafin a kafa ta, aka harbe mutum uku a kanta a 1985. Bambancin waɗannan da sharaɗin 1951 a fili yake. Wancan ya hana alƙali wuce gona da iri. Waɗannan sun hana shi duba wanda ke tsaye a gabansa: yaro ne ko ƙasurgumi, ya ji wa wani rauni ko bai ji ba, bindiga ya riƙe ko sanda, shi ya shirya ko rakiya ya yi. An mayar da shari'ar fashi manyan kotuna a 1999, amma wajabcin kisan yana nan.

Ikon aunawar da aka ƙwace daga alƙali kuwa bai ɓace ba, wurin zama ya sake. Ɗan sandan da ya rubuta cewa akwai wuƙa a hannun wanda ake zargi, da lauyan gwamnatin da ya zaɓi sashen da zai shigar da ƙara a kai, su ne suka yanke hukunci a zahiri, a ofis, inda babu mai sauraro kuma babu ɗaukaka ƙara. A ƙarshen hanya kuma sai gwamna, wanda zai sa hannu ko ya yi afuwa ko ya yi shiru. Yawancinsu shiru suke yi, shi ya sa fiye da mutum 3,000 ke zaune a gidajen yarin Nijeriya da hukuncin kisa a kansu. A Jihar Osun an yanke wa wani matashi hukuncin kisa a 2014 kan fashin da abin da aka ɗauka a ciki kaji ne, ya shafe shekara 10 yana jira kafin gwamna ya yi masa afuwa a ƙarshen 2024, bayan jama'a sun yi ca. Dokar da aka yi don a hana alƙali son rai ta ƙare da miƙa ran mutum ga ɗan siyasa.

Mai ja zai ce ai haddi ma ƙayyadadden hukunci ne, me ya sa za a soki majalisa don ta ƙayyade? Amsa ita ce haddi bai zo shi kaɗai ba. Laifuffukansa 'yan kaɗan ne, an kewaye su da sharuɗɗan shaida masu tsanani, an ba mai iƙirari damar janyewa, an kuma umarci alƙali ya tunkuɗe haddi da shubuha, sannan ya koma ta'aziri idan akwai abin tsawatarwa. Ƙisasi ma yana da ƙofar afuwa da diyya. Waɗannan ƙofofi ne kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a suka bi suka saki Safiya Husaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003, inda aka duba janye iƙirari da kurakuran ƙananan kotuna, a shari'ar Amina har da mas'alar kwantaccen ciki da Malikiyya ta sani. Dokar soja ta ari tsananin haddi ta bar rahamar da ke tare da shi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa wasu alƙalan ba abin yarda ba ne, a ɗaure hannunsu kawai. Sukan kawo shari'ar John Yakubu Yusuf, jami'in asusun fanshon 'yan sanda, wanda ya amsa laifi a badaƙalar sama da naira biliyan 20, wata babbar kotu a Abuja ta yanke masa shekara 2 ko tarar naira 750,000 a Janairun 2013, ya biya ya tafi gida. Hukuncin abin kunya ne, amma a dubi yadda aka yi. Sashe na 309 na Final Kod, wanda aka tuhume shi da shi, iyakarsa shekara 2 ce. Masu gabatar da ƙara ne suka amince da wannan sashe, majalisa ce kuma ta bar tsohuwar iyaka ba gyara. Alƙalin ya ƙara nasa da ba da zaɓin tara. Gyaran kuma daga cikin gidan shari'a ya fito: Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta dakatar da alƙalin shekara 1, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma a 2018 ta mai da hukuncin ɗaurin shekara 6 da biyan naira biliyan 22.9. An iya gyarawa ne domin kuskuren a rubuce yake, da sunan wanda ya yi shi.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne rabon aiki. Haƙƙin majalisa ne ta bayyana laifi, ta sa mafi girman ukuba, ta riƙa sabunta ta, ta kuma shimfiɗa abubuwan da za a duba wajen tsanantawa ko sassautawa, kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta fara yi. Haƙƙin alƙali ne ya auna cikin wannan fili, ya rubuta dalilinsa, kotun sama ta bi diddigi. 'Yancinsa kuwa a wani wuri ake nemansa: wa ya naɗa shi, wa zai iya cire shi ko ya jefa shi ƙauye, daga hannun wa kuɗin kotunsa ke fitowa. Yajin aikin ma'aikatan shari'a na 2021, wanda ya rufe kotunan ƙasar fiye da wata biyu a kan gwamnoni su sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa, ya nuna cewa wannan tambaya ta zamanin En'e ba a gama amsa ta ba. 'Yan majalisar da ke ɗokin wajabta kisa duk sa'ad da wani laifi ya tada hankalin jama'a, da sun fi yi wa adalci hidima idan suka soke wajabcin da sojoji suka bari, suka kuma tilasta wa gwamnoni sakin kuɗin kotuna.